Almara Ko Tarihin Mai Shaye-shaye: Wanne Ɗalibi Zai Ɗauka Don Jinga?

A zango na biyu na shekarar karatun da ta wuce, Malamar da ke koyar da mu nazarin zube ta rubuta sunayen littattafai biyu a allo, ta ce kowa ya ɗauki ɗaya ya karanta cikin mako huɗu, sannan ya rubuto mata shafi biyar a kan abin da littafin ya yi masa a zuciya, da kuma hanyar da marubucin ya bi har ya yi masa hakan. Na farko labarin almara ne da Turanci, mai shafi sama da 600, wanda aka gina a wata duniya da babu ita a taswirar kowa. Na biyu tarihin rayuwa ne da wani Ba'amurke ya rubuta da hannunsa game da shekarun da ya yi cikin shaye-shaye, bai cika shafi 300 ba. Tun da aka koma karatu bana, ƙannenmu da suka shiga wannan aji suke tare ni a ƙofar laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko a cikin motar Samaru, tambayarsu kuwa ɗaya ce: "Yaya, wanne ya fi sauƙi?" Na karanta duka biyun, ɗaya don jinga, ɗaya a hutun da ya biyo baya, kuma amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Tarihin mai shaye-shayen na ɗauka, kamar yadda akasarin 'yan ajinmu suka yi, kuma dalilinmu ɗaya: mun auna kaurin littattafan da ido, muka ɗauki siririn. Lissafin a fili yake. Idan aka ware mako guda don rubutu, saura kwana 21 na karatu, mai almara zai riƙa cin shafi kusan 30 a kullum, ga sauran kwasa-kwasai, ga zirga-zirga daga cikin gari ko Tudun Wada ga wanda ba ya kwana a makaranta, alhali mai ɗaya littafin shafi 14 sun ishe shi. Kuskuren wannan lissafi shi ne ya ɗauka shafi da shafi nauyinsu ɗaya ne. Wahalar almarar a bakin ƙofa take tsaye. Shafi ɗari na farko cike suke da sunayen ƙasashe da sarautu da kabilu, ga taswira a gaba da za ka yi ta komawa gare ta, ga Turanci mai tsohon salo da dogayen jimloli. Wanda ya jure ya wuce wannan zaure, sai labarin ya ɗauke shi kamar keke a gangare, domin ni akwai daren da na ci shafi 70 da fitilar waya ban sani ba. Tarihin kuwa Turancinsa gajere ne kamar hira, amma cike yake da kalmomin titi da laƙubban ƙwayoyi waɗanda ƙamus bai san da su ba, kamar ka ba wanda ya koyi Hausa a aji hirar 'yan kamasho a tashar Kwangila. Bayan wannan akwai nauyin abin da ake faɗa. Sau da yawa ina cin shafi goma sai in rufe in fita waje, kuma kwana biyu cur na yi ban taɓa shi ba a mako na biyu. A ƙarshe kwanakin da ya ci mini sun fi waɗanda almarar ta ci.

Almarar labarin wata yarinya ce 'yar gidan marina, a ƙasar da ruwan sama ya ɗauke shekaru. Ta gaji baiwar kiran hadari, amma duk lokacin da ta kira shi sai wani abu ya goge daga tunaninta. Da farko ƙananan abubuwa ne suke tafiya, kamar waƙar da uwarta ke yi mata, daga nan hanyar gidansu, har abin ya kai ga fuskokin mutane. Masu mulki suka gano amfaninta, talakawa suka dogara da ita, kowa yana da hujjar da za ta sa ta sake kira sau ɗaya kawai.

Wani abokina ya ƙi ko buɗa littafin, ya ce almara kayan Turawa ne, kuma karatun yara ne. Ban yarda da shi ba a kan ko ɗaya. Mu da muka tashi a kan "Ga ta nan, ga ta nanku," muka san Gizo da Ƙoƙi da Dodo tun ba mu iya wanke hannu ba, muka ji labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, babu wanda zai koya mana yadda ake shiga duniyar da dabba ke magana. Ɗan Zariya ma ya fi kowa rashin uzuri, domin a wannan gari aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko, kuma da rigar almara aka haife shi. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a nan Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai, kuma cikin waɗanda suka yi nasara akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Gandoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljannu da tafiye-tafiye zuwa ƙasashen da ƙafa ba ta kai wa. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ke ba da labaransa. Saboda haka ɗalibin da ya ɗauki almarar yana shiga jinga da kayan aiki a hannu, ko ya sani ko bai sani ba. Ya san jarumin da ya bar gida don neman abin da zai ceci mutanensa, ya san tsohuwar da ake gamuwa da ita a hanya, ya san sharaɗin da aka gindaya aka ce kada a karya.

Inda zai sami abin rubutu kuwa shi ne wurin da almarar zamani ta rabu da tamu. A tatsuniya ba a tambayar dalilin da ya sa kura ke magana, kuma idan aljani ya ba jarumi zobe, zoben yana aiki har ƙarshen labari ba tare da ya nemi ko kwabo ba. Marubucin wannan littafi ya kafa wa sihirinsa doka da farashi, ya kuma riƙe dokar da gaske, ta yadda mai karatu ke ƙirga abin da ya rage wa yarinyar kamar mai ƙirga hatsin rumbu a watan bazara. Wannan bambanci shi kaɗai ya isa shafi biyar, kuma tunani ne da malami ba zai same shi a takardar ɗalibin Ingila ko Amurka ba, domin su ba su tashi da Gizo ba.

Da tarihin mai shaye-shayen, al'amarin ya juye. Abin da yake magana a kai yana ƙofar gidanmu, amma irin rubutun baƙo ne gare mu. Turawa sun daɗe suna yin sa. Tun 1821 Thomas De Quincey ya buga bayanin yadda ya kamu da shan ƙwayar ofiyom a Ingila, sannan ƙungiyar masu yaƙi da jarabar giya da aka kafa a Amurka a 1935 ta mayar da tsayuwa a gaban jama'a a faɗi labarin faɗuwa wani ɓangare na neman waraka. Mu kuwa tarbiyyarmu ta kunya ce da rufin asiri, muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mun san hadisin da ya yi kashedi ga wanda Allah ya rufa masa asiri da dare, gari ya waye ya tona wa kansa. Don haka lokacin da marubucin ya bayyana yadda ya saci zoben mahaifiyarsa ya sayar, sannan ya taya ta nema, abu biyu na ji a tare: tausayi, da kuma wata irin kunya a madadinsa, kamar na leƙa ɗakin da bai kamata in leƙa ba. Na daɗe kafin in gane cewa wannan kunya da na ji ita kanta abin nazari ce, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da na rubuta daga baya. Shin tona asirin kai don gargaɗin wasu daidai yake da tona shi don alfahari? Ina ganin ba daidai ba ne, kuma littafin ya tsaya a ɓangaren gargaɗi a mafi yawan shafukansa, ko da yake akwai babi biyu da na ji kamar yana jin daɗin tuna zamanin.

Wanda zai ɗauki wannan littafi ya kamata ya san ƙasar da labarin ya tsiro. Marubucin ya ji ciwo ne a baya a wurin aiki, likita ya rubuta masa maganin kashe zafi, daga takardar likita ya koma sayen ƙwaya a titi, daga nan ya faɗa hodar heroyin domin ta fi araha. Wannan hanya ce da ɗimbin Amurkawa suka bi bayan 1996, shekarar da kamfanin Purdue Pharma ya fito da wani maganin kashe zafi mai suna OxyContin yana tallata shi a matsayin maganin da haɗarin kamuwa da shi kaɗan ne, tallar da aka amsa laifi a kanta a kotu a 2007. A 2021 waɗanda ƙwaya ta kashe a Amurka sun haura 100,000 a shekara guda. Tamu hanyar dabam ce, kuma kuskure ne ɗalibi ya tumɓuke Amurka ya dasa a Sabon Gari. A nan kwalbar maganin tari mai kodin da ƙwayar tiramol da wiwi da sholisho ne suka fi yawo, galibi kuma ta hannun aboki ake farawa, ko don a ƙara ƙarfin aiki, ko a gidan biki. A 2018 binciken BBC ya fallasa yadda ake fitar da maganin tarin ta bayan fage, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a farkon watan Mayun shekarar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekara guda kafin a gudanar da binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Da wuya a sami aji a harabar jami'a ta Samaru ko ta Kongo da babu wanda abin ya taɓa gidansu.

Ni ya taɓa namu. Ɗan baffana, wanda muka tashi ɗaki ɗaya da shi, ya kamu da kodin muna sakandare, kuma ni na fara ganin kwalaben a ƙarƙashin katifa na yi shiru. Shekaru ina ɗauke da hukuncin da kowa ya yanke masa a gida, wato rashin ji ne da miyagun abokai, in ya ga dama zai daina. Littafin nan ne ya fara rusa mini wannan hukunci, kuma a nan ya fi almarar nesa ba kusa ba, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Marubucin ya bayyana yadda jiki ke sabawa da ƙwayar har adadin jiya ba ya isar yau, da yadda dainawa farat ɗaya ke zuwa da gumi da amai da gudawa da ciwon ƙashi da rashin barci na kwanaki, ta yadda mutum ba don neman daɗi yake komawa ba, don gudun azaba ne. Na bi diddigi na gano cewa hanta tana mayar da kodin zuwa mofin, wato dangi ɗaya ne da abin da Ba'amurken ke sha, kuma tiramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne bayanin cewa wanda ya daina na wasu watanni, sabon da jikinsa ya yi yana raguwa, idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. An taɓa kai ɗan baffana wani gidan mari ya yi wata shida, ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawu, kuma bai yi wata biyu ba ya koma. Babu wanda ya san a gidanmu cewa waɗannan makonni na bayan dawowa su ne mafiya haɗari. Lokacin da 'yan sanda suka fasa irin wannan gida a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 suka fitar da mutum sama da 300, mutane sun yi ta tambayar yadda iyaye ke kai 'ya'yansu can. Ni na san amsar, domin na ga baffana yana kuka ranar da ya kai nasa.

Wannan kusanci shi ne ƙarfin littafin, kuma shi ne ramin da ke gaban mai jinga. Rubutuna na farko Malama ta dawo mini da shi, ta ce, "Wannan huɗuba ce mai kyau, amma ina littafin?" Gaskiya ta faɗa. Na cika shafi biyar da illar shaye-shaye da haƙƙin iyaye da kira ga gwamnati, ban ce komai ba game da dalilin da ya sa marubucin ya fara labarinsa daga tsakiya, a banɗakin wata tasha, maimakon daga yarinta, ko dalilin da ya sa jimlolinsa ke gajarta duk lokacin da jaraba ta taso masa. Daga baya na ji cewa da yawa daga cikinmu haka aka dawo musu da nasu. Batun yana da zafi har yana rufe ido daga ganin zubi da tsari da salo, alhali su ne ake ba maki a kansu. Ramin masu almara wani ne dabam: labarin yana da tsawo da rassa, sai ɗalibi ya ƙare shafukansa yana sake ba da shi, wane ya je gari kaza, wance ta yi yaƙi kaza, bai kai ga faɗin abin da ya ji ba. Sai dai wannan rami ya fi sauƙin kaucewa. Ka zaɓi fage ɗaya ko biyu ka tsaya a kansu, ka bar sauran. Fita daga huɗuba ya fi wuya, domin mai yin ta yana jin cewa gaskiya yake faɗa, kuma gaskiyar ce.

Akwai kuma maganar alkawarin da kowane littafi ya ɗaukar wa mai karatu. Mai tatsuniya yana rufewa da "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," wato tun farko an yi yarjejeniya cewa ƙirƙira ce, kuma almara a kan wannan yarjejeniya take. Mai tarihin kansa kuwa rantsuwa yake yi cewa haka abin ya faru, kuma duk hawayen da ka zubar a kan wannan rantsuwa ka zubar. Amma mutumin da ya yi shekaru a buge, yaya aka yi ya tuna hirar da aka yi shekara goma baya, kalma bayan kalma? Tambayar tana da tushe. A 2006 aka gano cewa James Frey, wani marubuci Ba'amurke wanda tarihin shaye-shayensa ya fito a 2003 ya kuma yi kasuwa ƙwarai bayan shahararriyar mai shirin talabijin Oprah Winfrey ta yaba shi, ya ƙirƙiri wasu manyan sassa, ciki har da zaman kurkuku na kusan wata uku, alhali sa'o'i kaɗan aka tsare shi. Ba na zargin marubucin da aka ba mu da irin wannan, hasali ma ya faɗa a gabatarwa cewa ya sauya sunaye kuma ya sake gina wasu hirarraki daga abin da ya iya tunawa. Amma ɗalibin da ke son muhawara zai sami fili a nan, kuma wannan ita ce hanya mafi kyau da na sani ta tsere wa huɗuba: ka tambayi littafin yadda ya san abin da yake faɗa.

Kowanne daga cikinsu yana da abin da zai sosa wa Musulmi rai, gara a sani tun kafin a fara. A almarar akwai gumaka da bokaye da addu'o'in da ake yi wa abin da ba Allah ba, har wata 'yar ajinmu ta ajiye ta saboda haka, kuma ban ga laifinta ba. A nawa ganin, karanta labarin da ya bayyana kansa a matsayin ƙirƙira bai zama imani da abin da ke ciki ba, kamar yadda ba mu taɓa ɗaukar akun Magana Jari Ce da gaske ba, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa na addini. Tarihin kuwa yana da ashar a kusan kowane shafi, da bayanin zina, da kwatancen allura da jijiya dalla-dalla. Ita waccan 'yar ajin tamu da ta koma gare shi ta ce da ta sani da ta zauna inda take.

Abin da ban zata ba ya faru ne a hutu, lokacin da nake karanta almarar ba don maki ba. Akwai fagen da ƙanin yarinyar ya yi tafiyar kwanaki ya iso fadar da aka ajiye ta, ya gaishe ta da sunan da yake kiranta tun suna yara, ita kuwa ta amsa masa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ta sa a ba shi ruwa. A nan na yi kukan da ban yi ba a dukan shafukan Ba'amurken. Na tuna wata Sallah da na zauna kusa da ɗan baffana a zaure, idanunsa a buɗe, ina yi masa magana yana amsawa, amma babu kowa a bayan idanun. Marubucin almarar bai ambaci ƙwaya ko sau ɗaya ba, kuma ba na da'awar cewa ita yake nufi. Abin da na gane shi ne almarar ta ba ni labule. Da ita na ɗauka, da na rubuta duk abin da ke raina game da mutumin da ake rasawa alhali yana raye, game da masu cewa sau ɗaya kawai, ba tare da na ambaci gidanmu ba. Tarihin bai ba ni wannan labule ba. Kowace jimla da na rubuta a kansa tana jan ni zuwa ga ɗan baffana, har na wayi gari da shafi biyu a kansa, da unguwarmu da shekarunsa da komai, a takardar da za ta bi ta hannun wakilin aji kafin ta kai ofishin Malama. Sai da na nuna wa Ummanmu, ta karanta ta ce, "Shi ka tambaye shi?" Ban tambaye shi ba. Na cire shafukan.

Saboda haka, ƙannena, ga shawarata a fili. Idan a gidanku akwai wanda ke cikin wannan hali yanzu, ko rasuwar da ba ta daɗe ba, ku ɗauki almarar don jinga, ku ajiye tarihin sai lokacin da babu mai jiran takarda daga gare ku, domin ya cancanci a karanta shi, amma ba da agogo a ka ba. Wanda shi kansa yake fama, ko bai daɗe da dainawa ba, ina roƙonsa ya nisanci tarihin a yanzu, saboda kwatancen da ke ciki na iya tayar da sha'awar da ake ƙoƙarin kwantarwa, kuma abin da ya fi buƙata likita ne, ga sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Wanda abin bai taɓa shi kusa ba, musamman mai saurin yanke wa 'yan ƙwaya hukunci kamar yadda nake yi a da, shi ne ya fi dacewa da tarihin, kuma shi zai fi ƙaruwa da shi, muddin zai riƙa tuna cewa nazarin littafi aka ce ya yi. Haka ma mai niyyar aikin jarida ko aikin jinya ko koyarwa. Wanda kuwa Turancinsa ke tafiya a hankali, ko yake haɗa karatu da sana'a, kada kaurin almarar ya kore shi kai tsaye, amma ya yi wa kansa adalci: idan ba zai iya ba ta sa'a biyu a kullum a makon farko ba, ba zai fita daga zauren ba, kuma wanda bai kai fagen fada ba bai karanta littafin ba.

Idan aka ce in zaɓar wa ɗalibin da ban san komai game da shi ba, almarar zan miƙa masa. Tana da wuyar shiga, amma tana barin mutum ya tsaya a nisan da ya ga dama, kuma ɗan Hausa yana zuwa mata da gadon da zai sa takardarsa ta fita dabam. A shekararmu Malama ta ba da damar sauya littafi cikin makon farko kaɗai, don haka ku tambaye ta ko haka abin yake bana. Kafin ku rubuta sunanku a takardar wakilin aji, ku ari duka biyun ku karanta shafi 20 na farkon kowanne a yamma ɗaya, sannan ku buɗa tsakiyar tarihin ku karanta shafi biyar, domin farkonsa ya fi tsakiyarsa sauƙi ƙwarai.